WAƊANDA SUKA RAYA NOMA A ƘASARMU

Jawabin da aka gabatar a bikin Jubili na cikar ikkilisiya shekara 50

 

Sa'ad da kwamitin biki ya ba mu aikin yin magana a kan mutanen da suka raya noma a wannan ƙasa tamu, wasu sun tambaye mu, me ya haɗa Jubili da garma? Amsa tana cikin Littafin Firistoci sura 25, inda muka samo ita kalmar Jubili. Dokar da ke wurin dokar gona ce. A shekara ta hamsin ƙasa takan huta, wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gādonsa kuwa a mayar masa da ita. Ashe wanda ya yi Jubili bai tuna da gona ba, ya bar rabin zancen a baya.

Akwai dalili na biyu. Iyayenmu da suka kafa wannan ikkilisiya a tsakiyar shekarun 1970 aikin albashi ne ya kawo su Kaduna. Wasu ma'aikatan reluwe ne, wasu soja da 'yan sanda, wasu malaman makaranta da akawuna, wasu kuma kowace safiya sai sun haye gada zuwa masaƙun Kakuri. Amma dukansu 'ya'yan manoma ne. Buhun dawa da masarar da ake aiko masu daga gida shi ne ya riƙe albashin har ya kai ƙarshen wata, har aka sami rarar yin baiko. Kwanon rufin da ke bisa kanmu, da yawa daga cikinsa da kuɗin hatsi da doya da kajin bikin godiyar kaka aka saye shi. Yabon gwani ya zama dole.

Da muka bi tarihin, abu guda muka yi ta tararwa. Kowace dabara, ko daga Ingila ta zo ko daga Samaru, ba ta zama tuwo a akushi ba sai da ƙaramin manomi ya gwada ta a gonarsa ya yarda da ita. Shugabanni da masanan da aikinsu ya dore su ne waɗanda suka sauko suka saurari manomin nan. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

1. MANOMAN DA SUKA ZAƁI GYAƊA

Layin dogo ya isa Kano a 1911, a 1917 kuma aka mai da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan bakin kogin Kaduna, bisa ga shirin Gwamna Lugga. Turawan da suka shimfiɗa dogon auduga suke nema domin masaƙun Ingila. Sun kafa injin gurzar auduga a Zariya, suka kawo sabon iri ɗan Amurka, suna sa rai manoma za su cika masu taragu da ita.

Auduga ta zauna a ƙasar Zazzau da Funtuwa da Gusau, inda ƙasa take da nauyi. Amma manoman Kano da ke noma jigawa sun yi nasu lissafin. Gyaɗa tana son rairayi. In farashi ya faɗi ana iya cin ta, auduga kuwa ba ta ciwuwa. Mata sukan fitar da mai da ƙuli-ƙuli, harawarta kuma dabbobi su ci da rani. A kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har aka rasa taragun kwashe ta. Ba wani Bature da ya ba da wannan umarni.

Fataken goro na Kano, waɗanda suka san kowane ƙauye da kowace kasuwa, su ne suka shiga tsakanin manomi da kamfanonin Turawa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Alhaji Alhassan Dantata, wanda ya zama babban mai sayen gyaɗa, ya rasu a 1955. Dalar gyaɗar da muka gani a hotuna muna yara, gumin dubban manoma ne waɗanda ba a rubuta sunan ko ɗaya a jikin buhu ba.

2. DAGA GIMI ZUWA UNGUWAR RIMI

Labari na biyu namu ne na gida. A 1913 waɗansu daga cikin mutanen da ake kira Isawa suka zo wurin Dokta Miller a Zariya suna neman a koya masu. Daga baya aka tara su a Gimi, kusa da Maƙarfi, suka kafa ƙauyen manoma masu bi. Wanda ya zauna tare da su shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, ƙasar masu noman rake. Ya koya masu matse rake da dafa ruwansa ya zama sukari. Har wa yau ƙasar Maƙarfi da rake da mazarƙwaila aka san ta.

Ƙauyen ya fara haɓaka, sai ciwon barci ya faɗa masu. Ƙudan tsando da ke zaune a duhuwar bakin rafi shi ne ke ɗauke da cutar, fadamar da take ba su rake kuwa nan ne gidansa. Mutane suka yi ta mutuwa, kafin a yi shekara goma Gimi ta watse, sauran da suka ragu suka koma Zariya, daga nan zuwa Wusasa. Iyayenmu sun koya da hawaye cewa ƙasa mai albarka ba ta da amfani in mai nomanta ba shi da lafiya.

A shekarun 1930 ciwon barci ya yi ɓarna ƙwarai a arewacin ƙasar Zazzau. Saboda haka a 1937 aka fara babban aiki a Anchau, wanda wani masanin ƙwari, Dokta T. A. M. Nash, yana cikin jagororinsa. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ƙudan nan ba ya jure zafin rana da busasshiyar iska, don haka aka sassare duhuwar bakin rafuffuka, aka haƙa rijiyoyin siminti domin mata su daina zuwa rafi ɗiban ruwa, aka tattara mutane a wuraren da aka share. Sabon garin da aka gina aka sa masa suna Takalafiya. Masu gatari da adda da suka yi saran kuwa talakawan ƙasar ne.

A 1947 aka kafa cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma a nan Kaduna. Kanar H. W. Mulligan ne shugabanta na farko, Nash ya gaje shi. Tana nan a Unguwar Rimi, da yawanmu mun sha wucewa ta ƙofarta ba mu san abin da ya haɗa ta da tarihinmu ba. Sammore kuwa ita ce cutar da wannan ƙuda ke sa wa shanu, ita ce ta daɗe tana hana kiwo da noman shanu a wurare masu dausayi.

Wani abin lura kuma, Farfesa Ishaya Audu, wanda ya fito daga zuriyar Isawan nan, a Anchau aka haife shi a 1927. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, cibiyar binciken noma ta Samaru kuwa tana ƙarƙashin wannan jami'a. Zuriyar da ciwon barci ya kora daga gona ita ce ta ba da wanda ya riƙe gidan binciken gona.

3. SAMARU, DA BATUREN DA YA KOYA DAGA MANOMA

An fara binciken noma a Samaru a 1922, zamanin da O. T. Faulkner yake shugaban ma'aikatar gona ta Nijeriya. An san shi da ƙa'ida guda, wato kada a gaya wa manomi ya canja komai sai an gwada an tabbata abin ya fi nasa. A 1928 aka buɗe gonar kiwo a Shika, a wannan shekara kuma aka fara koyar da noma da garmar shanu. Da mutum uku kaɗai aka fara. En'e takan ba manomi rancen bijimai biyu da garma, ya biya sannu a hankali. Kafin samun mulkin kai masu garmar shanu sun kai dubbai.

A nan ma manomi ya yi nasa zaɓi. Turawa sun so ya ɗauki tsarin gaba ɗaya, da turke shanu da tara taki da noma masu ciyawa. Shi kuwa ya ɗauki abin da ya fi yi masa amfani: ya yi huɗar gonarsa da wuri, ya yi wa maƙwabta huɗa a biya shi, ya ɗaura amalanke, in bijiman sun yi ƙiba ya sayar ya sayi ƙanana.

Shekaru da yawa malaman gona suna yi wa iyayenmu faɗa a kan haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, suna cewa rashin wayewa ne. Sai wani saurayi Bature mai suna David Norman ya zo Samaru a 1965. Shi da ma'aikatansa suka shiga ƙauyuka uku na kusa da Zariya, wato Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka yi shekara cur suna rubuta kowane aiki da kowane dami. Abin da suka samu ya ba masana kunya. Gonar da aka haɗa shuka ta fi ba da amfani a kowace eka, ta kuma fi tsare iyali daga yunwa. Gero yakan nuna da wuri ya tare bakin yunwar damina, dawa ta biyo baya, wake ya rufe ƙasa ya ƙara mata ƙarfi. In fari ya kashe ɗaya, ɗaya zai tsira. Sun kuma gane cewa abin da ya fi ƙure manomi shi ne ƙarancin hannuwa a watan Yuni da Yuli, lokacin noman firi da maimai. Wannan bincike ya taimaka wajen sauya tunanin masana a ƙasashe da yawa, har aka koma fara bincike daga gonar manomi. Shukar gicci da kakanninmu suke yi, ilimi ce.

Daga Samaru ne kuma ire-iren masara da dawa da gyaɗa da wake da auduga masu suna da ke farawa da SAM suka fito. Yanzu 'ya'yan ƙasa ne ke riƙe da aikin. A 2019 aka fitar da irin waken da tsutsar da ke huda kwanso ba ta cinsa, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku.

4. SHUGABANNIN DA SUKA ZAUNA A WANNAN GARI

Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya riƙe Firimiyan Arewa daga 1954 zuwa 1966, a nan arewacin kogi ofishinsa da gidansa suke. Arewa ba ta da man fetur a lokacin. Da kuɗin gyaɗa da auduga da fatu aka yi hanyoyi da makarantu da asibitoci. A 1957 masaƙar farko ta fara aiki a Kakuri domin a saƙa audugarmu a gida, a 1962 kuma aka buɗe jami'a a Zariya aka haɗa mata Samaru.

Amma ranar Jubili ranar faɗin gaskiya ce. Kuɗin nan ta hannun Hukumar Sayen Amfanin Gona suka fito, wadda takan yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya ta riƙe rarar. Wato wanda ya tsaya a bakin sikeli da buhunsa shi ne ya gina makarantun da mu 'yan birni muka shiga, sau da yawa nasa 'ya'yan ba su shiga ba. Wannan bashi ne a wuyanmu. An rushe hukumomin a 1986.

Dalar gyaɗa kuwa ta riga su faɗuwa. Farin 1972 zuwa 1974 ya raunana ta, a 1975 kuma wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa, mai sa ganyen gyaɗa ya ƙanƙance ya dunƙule, ta cinye gonaki. Kuɗin fetur ya shigo, hankalin gwamnati ya koma can.

Sai mu tuna da Alhaji Audu Bako, wanda aka haifa a barikin 'yan sanda na nan Kaduna a 1924. Da ya zama gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, sai ya sa ƙarfinsa a kan tare ruwa. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 ita ce ke shayar da gonakin Kadawa da Kura. Tumatir da shinkafar da ake saukewa a kasuwanninmu da rani, da yawa daga can suke.

Haka kuma malaman dabbobi. An kafa cibiyar Vom a 1924, makarantar da ke kan hanyar Mando kuwa ta fara horar da ma'aikatan kiwo a 1951. Waɗannan malamai sun bi ruga-ruga da keke da ƙafa suna yi wa shanu allurar bushiya, cutar da takan share garke cikin 'yan kwanaki. Ta sake ɓarkewa a ƙasarmu a 1983, amma a 2011 aka sanar da cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Da Fulani makiyaya ba su kawo shanunsu ba, da allurar ta ruɓe a kwalba.

5. YADDA MASARA TA FITO DAGA BAYAN GIDA

Dattawan da ke nan za su shaida cewa a dā masara abar bayan gida ce. Akan shuka 'yan kunyoyi inda ake zuba shara da toka, a gasa wa yara da damina. Tuwo na dawa ne da gero.

Canjin ya zo daidai da shekarun da aka kafa wannan ikkilisiya. A 1975 aka fara shirin raya noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, lokacin Funtuwa tana cikin jiharmu, kafin a cire Jihar Katsina a 1987. Shirin ya kawo abubuwa huɗu tare: farar masara mai yawan amfani wadda aka inganta a cibiyar IITA ta Ibadan, takin zamani mai rahusa, hanyoyin karkara, da malaman gona masu zuwa har gona. Manoma suka ga masara tana amsa taki fiye da dawa, tana nuna da wuri, 'yan kasuwar kudu kuma suna nemanta. Cikin 'yan shekaru ta rufe ƙasar Zazzau, Saminaka da Giwa suka zama manyan kasuwannin hatsi.

A 1992 shirin Sasakawa ya shigo Kaduna da Kano. Mutum uku ne suka kafa shi: Ryoichi Sasakawa na Japan, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, da Dokta Norman Borlaug, masanin alkama da ya sami lambar yabo ta Nobel a 1970. A nan gida marigayi Farfesa Ahmed Falaki na Samaru yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyinsa. Hanyarsu ita ce manomi ya ware rubu'in hekta a gonarsa, ya yi aikin da hannunsa: ƙwaya ɗaya a rami, tazara daidai, a binne taki kada a watsa. Maƙwabta su zo su gani da idonsu, gama gani ya kori ji.

Masara ta ciyar da mu, amma ta ɗaure mu da buhun taki. Inda aka yi ta maimaita ta ba hutu, ba wake, ba takin gargajiya, ƙasa ta gaji, wuta-wuta ta yi yawa. Dokar hutun ƙasa da muka ambata da fari ba ta tsufa ba.

6. ABIN DA IKKILISIYA TA YI

A ƙarshen shekarun 1950 wani malamin gona na mishan a Gindiri, Peter Batchelor, ya fara shirin da aka kira Faith and Farm, wato bangaskiya da gona. Ya lura cewa yaran da suka yi makarantar mishan suna ƙyamar fartanya suna gudu birni. Sai aka riƙa sa samari su zauna a gidan ƙwararren manomi mai bi su koyi noman shanu, in sun gama a ba su rancen bijimai da garma. An kuma koyar da adana hatsi a rumbu domin ƙwari kada su cinye wahalar shekara. A Kwarhi kusa da Mubi, makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp ta haɗa karatu da gona, ɗalibi ya noma abin da zai ci da iyalinsa. Sashen raya karkara na ECWA kuma ya kai 'yan tsaki da abincin kaji da maganin dabbobi ƙauyuka masu yawa.

Masu bishara da yawa da suka buɗe ikkilisiyoyin ƙauyukanmu da gonarsu suka ci. Su ne sau da dama suka fara dasa mangwaro da lemo da gwaiba a gari, su ne suka fara gwada sabon iri, maƙwabta Kirista da Musulmi suka karɓa daga hannunsu.

7. WAƊANDA BA A RUBUTA SUNANSU BA

Duk sunayen da muka kira na maza ne, wannan kuwa laifin masu rubuta tarihi ne. Iyayenmu mata su ne masu ajiyar iri. Su suka san wace dawa ce ke jure fari, wane wake ne ke nuna da wuri. Matan Kafanchan da kewaye sun mai da waken soya daddawa, matan Hausa suka mai da shi awara, da haka waken da a dā ake nomawa domin a kai waje ya shiga tukunyar talaka. Manoman Kachiya da Jaba da Kagarko sun riƙe noman citta tun ƙarshen shekarun 1920, har Nijeriya ta shiga sahun manyan masu nomanta a duniya, aikin feraye ta da shanya ta kuwa yawancinsa a hannun mata yake. Ga masu lambu a fadamar kogin nan, waɗanda suka fara da jigo suka koma injin ban ruwa. Ga makiyayin da ke sauka a gona bayan kaka, shanunsa su ci kara su bar taki. Ku duba jerin nan da kyau: akwai Bature da baƙar fata, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bafulatani da Bajju da Ham. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

8. INA MUKA TSAYA?

'Yan'uwa, gādon nan yana cikin haɗari. Masaƙun Kakuri sun rufe a shekarun 2000, audugar da ta ciyar da su ta ja baya. A shekarun da suka wuce 'yan bindiga sun raba dubban manoma da gonakinsu a Birnin Gwari da Giwa da Igabi da Chikun da Kajuru. A watan Maris na 2021 aka sace ɗalibai daga kwalejin gandun daji ta Afaka, nan bayan Mando. A 2023 cuta ta ruɓar da citta a kudancin jiha, iyalai da yawa suka rasa amfani da iri gaba ɗaya. A 2025 farashin hatsi ya faɗi alhali taki yana da tsada. Mu a birni muka yi murna a kasuwar Kawo, manomin da ya ci bashi ya sayi taki kuwa ya koma gida da hawaye. Gonakin da ke kewaye da gari kuma ana ta yanka su fuloti-fuloti.

Saboda haka muna roƙon ikkilisiya ta ɗauki abubuwa huɗu a matsayin alkawarin Jubili.

Na ɗaya, kada mu yi gaggawar sayar da gonar gādo domin biki ko mota. In ba za mu iya nomawa ba, mu ba ɗan'uwa aro da sharaɗi mai sauƙi. Wanda kuma yake riƙe da jinginar gonar matalauci, wannan ce shekarar da ya kamata ya sake tunani.

Na biyu, mu daina yi wa yaranmu barazana da cewa in ba su yi karatu ba za su ƙare a gona. Makarantar Mando tana kusa da mu, Samaru ba nisa. Cikin tallafin karatun da ikkilisiya ke bayarwa, a ware gurbi domin yaro ko yarinyar da za ta karanta aikin gona ko kiwo.

Na uku, daga baikon godiyar kaka a ware kaso domin sayen iri da taki ga gwauraye da waɗanda aka kora daga gonakinsu, a kai masu kafin ruwan farko, gama taimakon da ya zo bayan shuka ya makara. In za mu sayi hatsi a hannun manomi kuma, kada mu matse shi don mun ga yana cikin bukata.

Na huɗu, mu riƙe zumunci da maƙwabtanmu. Tun rikicin shekara ta 2000 kogin nan ya zama kamar iyaka a zukatan mutane da yawa. Mu da muka zauna a wannan gefe mun san cewa mai kawo mana nono da mai sayar mana da tumatir da mai sayen masarar 'yan'uwanmu duk kasuwa ɗaya muke ci. Ba a noma cikin tashin hankali.

Muna kuma roƙon matasa, kafin shekara ta ƙare kowa ya zauna da tsoho ko tsohuwar gidansu ya rubuta sunayen manoman zuriyarsu da irin abin da suka shuka, a kawo wa sakataren ikkilisiya a ajiye. Waɗanda za su yi bikin shekara 100 su tarar da sunayen da littattafai suka manta.

 Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya tsare manoma da makiyaya a daji, ya mai da waɗanda aka kora gonakinsu lafiya. Allah ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.